Ko Ka Sani? Injin Haidirojin da Ke Cikin Laka

Manyan ƙasashe na zuba maƙudan kuɗi don samar da iskar haidirojin, makamashin da idan ya ƙone, ruwa kawai yake bari. Amma wasu bakteriya da ke kwance cikin laka sun daɗe suna ƙera ta a arha. Injinsu wani enzayim ne mai suna haidirojinas, wanda Marjory Stephenson da Leonard Stickland suka raɗa wa suna a Kambirij a 1931.

Ƙwayarsa ɗaya tak na fitar da dubban ƙwayoyin haidirojin a daƙiƙa guda. Gwanin wannan aiki a hannun ɗan Adam shi ne filatinam, ƙarfe mai ɗan karen tsada, wanda akasarinsa a Afirka ta Kudu ake haƙowa. Mafi sauri a dangin enzayim ɗin kuwa da baƙin ƙarfe yake aiki.

Sai a 1998 da 1999 aka ga hoton cikin wannan mafi saurin, a Amurka da Faransa. A tsakiya akwai ƙwayoyin zarra biyu na baƙin ƙarfe, farar wuta ta haɗa su, kuma kowanne na riƙe da guba iri biyu: sayanaid, da kabon monoksaid, iskar nan ta hayaƙin janareto da ke halaka mutane a rufaffen ɗaki. Gubar ce ke tsare ƙarfen a yanayin da zai iya karɓar lantarki ya miƙa.

Masana kimiyyar sinadarai na gani suka ce ai sun san wannan fuska, domin tun 1929 Bajamushe Hans Reihlen ya haɗa makamancinsa. Kafin 1999 ta ƙare, Marcetta Darensbourg da Thomas Rauchfuss a Amurka, da Christopher Pickett a Ingila, kowa ya ƙera kwafinsa. Kama kam ta yi. Aiki ne babu: kwafin raggo ne, sai an danna masa lantarki fiye da kima.

Ga kuma wata ƙura da ta ƙi lafawa. Wata 'yar gada ta ratsa saman ƙarafan biyu, hoton kuma bai iya bambance ko kabon ne a tsakiyarta, ko naitirojin, ko oksijin. A 2013 masana daga Faransa da Jamus suka ƙera kwafi na duk ukun, suka saka kowanne cikin enzayim na gansakukar Chlamydomonas reinhardtii wanda tsakiyarsa take wayam. Duka sun shiga sun zauna daram. Mai naitirojin kaɗai ya tashi da cikakken ƙarfi, don naitirojin ne ke cafko furoton, wato ƙwayar haidirojin da ta rasa lantarkinta, ya ɗora wa ƙarfen. Da kwafin da yake raggo a waje ya yi ƙarfi a ciki, nan aka gane cewa furotin na enzayim ɗin da ke lulluɓe da ƙarafan ba kwali ba ne kawai.

Babbar matsalar da ta rage ita ce oksijin, wanda ke lalata yawancin irin wannan enzayim. Shi ya sa masu binciken ke aiki cikin rufaffen akwati, hannuwansu cikin dogayen safofin roba.