Ciwon Baya: Harajin Da Ba A Rubuta Shi A Kasafin Kuɗi

Duk wanda ya leƙa kasuwar Mil 12 da ke Ikko da asuba zai ga 'yan dako suna sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga manyan motoci. Jarin waɗannan bayin Allah bai wuce gadon bayansu ba. Ranar da ƙugu ya riƙe, ranar babu cefane, domin mai aikin ƙarfi ba ya da hutun rashin lafiya da ake biya. Haka abin yake ga direban tirela, da tela, da akawun da ke wuni a kan kujera.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu wata larura da ta fi shi naƙasa jama'a a duniya. A Amurka an ƙiyasta cewa jinyar ciwon baya da na wuya ta ci dala miliyan dubu 134 a 2016, fiye da kowace cuta.

A can ne kuma aka haifi sana'ar kayirofaraktik, wato gyaran gaɓoɓin ƙashin baya da hannu. Daniel David Palmer ne ya fara ta a garin Davenport na jihar Iowa a 1895, bisa da'awar cewa gocewar ƙashin baya ce tushen akasarin cututtuka. Kimiyya ba ta tabbatar da wannan da'awa ba, shi kansa Palmer an ɗaure shi a 1906 saboda yin aikin likita ba tare da lasisi ba. Abubuwa biyu ne suka fitar da sana'ar daga wannan hali. Na farko rajista: jihar Kansas ta soma yin dokar lasisi a 1913, jihar Louisiana ta zama ta ƙarshe a 1974. Na biyu inshora: a 1972 shirin lafiyar tsofaffi na gwamnatin tarayya, Medicare, ya amince ya riƙa biyan kuɗin gyaran ƙashin baya.

To, shin maganin yana aiki? Bincike ya nuna cewa gyaran gaɓoɓi da tausar tsoka suna rage zafi, suna kuma sauƙaƙa motsi, amma sauƙin matsakaici ne, bai ɗara na motsa jiki ba. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin jinyar ciwon ƙugu mai daɗewa, inda ta lissafa tausa da gyaran gaɓoɓi tare da motsa jiki da wayar da kan majiyyaci cikin hanyoyin da za a iya bi. Kazalika ta hana dogaro da ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da magungunan kashe zafi masu sa maye. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, ganin yadda ma'aikatan ƙarfi da yawa ke haɗiyar tramol don su iya fita nema. Ƙwayar tana rufe zafin ne kawai, ciwon yana nan.

A Nijeriya, akasarin wannan aiki yana hannun likitocin gashin ƙashi. An fara horar da su a asibitin ƙashi na Igbobi a 1945, Jami'ar Badun ta buɗe karatun digiri a 1966, sannan Doka ta 38 ta 1988 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. Sai dai galibinsu suna manyan asibitocin birane, irin su Igbobi da Inugu da Dala a Kano. Talaka kuwa maɗori ya sani, da wanzami mai ƙaho, da mai tausa na unguwa, domin su ne kusa, kuma da su ake iya ciniki. Dalilin a fili yake: fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fitowa, gashin ƙashi kuwa ba zuwa ɗaya ba ne.

Akwai haɗari a nan. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na iya zama tarin fuka na ƙashi ko ciwon daji, kuma murɗa irin wannan baya na iya gurgunta mutum. Murɗa wuya ma, ko da yake ba kasafai ba, yakan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Darasin Amurka shi ne, rajista tana kare majiyyaci, inshora kuma tana kai magani ga mai ƙaramin ƙarfi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne a kai ma'aikatan gashin ƙashi cibiyoyin lafiya na matakin farko, a jawo ƙungiyoyin 'yan dako da na direbobi cikin shirin, a kuma koya wa maɗora alamomin da za su sa su tura majiyyaci asibiti. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Ga ɗan dakon Mil 12, ita ce kuma uwar jari.