GISHIRI NAWA KA CI YAU?

Kwanan baya wani magidanci ya zo ɗakin shan magani inda ni ke aiki, ya miƙo mini wayarsa yana murna. Ya ce ya amsa waɗansu tambayoyi a intanet game da abincinsa, an ce masa gishirin da ya ke ci daidai ne. Na ce madalla, kawo hannunka. Da na auna, sai na tarar jininsa ya hau ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Yawancin mutanen duniya kuwa suna cin ninki biyu na wannan. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

To, me ya sa wayar ta ruɗi mutumin nan? Domin abin da ya gaya mata shi ta lissafa. An tambaye shi ko yana barbaɗa gishiri a abinci, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗi. Amma ba shi ya yi miyar ba. Uwargida ce ta yi, da hannu ta ɗiba, ba da ma'auni ba. Sa'an nan su huɗu suka ci a kwano ɗaya. Wa ya san rabon kowa? Bai ƙidaya dunƙulen miya ba, alhali wajen rabinsa gishiri ne. Bai tuna da kanwa ba, ita ma tana da sinadarin nan na cikin gishiri mai tā da jini. Balle yaji da kilishi da burodin da ya ci a kasuwa. Ɗan Adam kuma, in an tambaye shi abin da ya ci, ya kan rage.

Likitoci suna da hanyar da ta fi wannan. Kusan kashi 9 cikin 10 na gishirin da mutum ya ci yana fita ta fitsari. Saboda haka sai a ba mutum gora ya tara fitsarinsa duka na awa 24, a kai a auna. Haka aka yi wa mutum fiye da 10,000 a ƙasashe 32, a wani babban bincike da aka buga a 1988. Da wannan awo a ke gwada tambayoyin, sau da yawa kuma a kan tarar ba su dace ba. Tambayoyin suna da ɗan amfani wajen sanin halin gari duka, amma ba su isa shaida a kan mutum guda ba.

Ga abin da za ku iya yi a gida. Uwargida, ki lura da ranar da kika buɗe ƙunshin gishiri. In gidanku manya 8 ne, ƙunshi mai giram 500 bai kamata ya ƙare kafin kwana 12 ba, wannan ma in babu dunƙule ke nan. In ya ƙare a mako guda, ki riƙa ragewa kaɗan kaɗan, harshe zai saba. Ki ƙara albasa da tafarnuwa da citta.

Kai kuma maigida, ran kasuwa ka biyo a auna jininka, ko ba ka jin ciwon kome. Ka zo da uwargida.