Kifin Da Ke Kiwo A Cikin Ruwa

Damina mai tsawo irin ta Kafanchan da Kagoro tana cika tafkin kifi da ciyawa, tarwaɗa kuwa ba ruwanta da ita. Sai mai tafki ya shiga da lauje, ko ya zuba magani ya jefa kifinsa cikin haɗari.

Akwai karfasa mai jan ciki, 'yar ƙasa, wadda ke cinye ganye mai laushi. A Sin kuma akwai wani kifi maci ciyawa da aka kai Amurka a 1963; ya share tafkuna, amma ya kuɓuce zuwa koguna, har aka koma sakin wanda ba ya haihuwa. A yankin da ambaliya ke haɗa tafki da rafi, karfasar gida ta fi aminci, ko da yake tana da saurin hayayyafa, dole a riƙa rage ta.