Yadda Ake Gane Gaskiyar Awon Dalma Cikin Ruwa

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake haƙar zinariya. Dalma kuwa ba ta bukatar yawa kafin ta yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikrogiram 10 cikin lita guda ta ruwan sha. Maikrogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. To, ƙaƙa mai awo a ɗakin gwaje-gwaje zai tabbata na'urarsa ta faɗi gaskiya a kan abu ƙanƙane haka?

Dabarar ita ce irin ta malami, wanda kan ba yaro lissafin da shi ya riga ya san amsarsa. Sai mai awo ya raba ruwan kashi biyu. Ya auna na fari yadda yake. Na biyun kuwa ya ɗiga masa dalma wadda ya san adadinta, sa'an nan ya auna.

Ga misali. Na fari ya nuna maikrogiram 2 a lita. An ƙara 5 cikin na biyu, ya nuna 6.5. A ɗebe 2 daga 6.5, saura 4.5. A raba 4.5 da 5, a ninka sau 100, an sami 90. Watau na'ura ta gano kashi 90 cikin 100 na abin da aka zuba. Galibi akan yarda da awon da ya faɗa tsakanin 80 da 120.

Amma fa a lura da yawan ƙarin. In na'ura takan kuskure da rabin maikrogiram, aka kuwa ƙara 1 kaɗai, kuskuren ya zama kashi 50. In an ƙara 500, amsa za ta fito da kyau, amma ba ta shaida kome game da ruwa mai maikrogiram 2 ba. Saboda haka a ƙara abin da ya ninka na cikin ruwan kaɗan, a kuma zuba shi cikin ɗigo ƙalilan don kada ya sirka ruwan. Lalle kuma a auna tataccen ruwa zalla tare da su, domin kwalba mai dauɗa takan kawo tata dalmar.

Wanda ya tsallake wannan gwaji yana iya ce wa mutanen gari rijiyarsu lafiya lau, alhali kuwa guba suke sha.