Shin Ko Kun San? Khal ɗin Modena Mai Shekara 25 a Ganga

Shin ko kun san cewa a Modena, arewacin Italiya, akwai ruwan khal da doka ta hana a kira shi na gargajiya sai ya shekara 12 a gangar katako? Wanda ya kai shekara 25 kuwa murfi mai ruwan zinare ake sa wa kwalbarsa. Sunansa Aceto Balsamico Tradizionale, kuma tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ke kare wannan suna.

Ko kun san kayan haɗinsa ɗaya ne tak? Ruwan inabi ne, galibi irin Trebbiano da Lambrusco, a dafa shi a buɗaɗɗiyar tukunya da wuta kaɗan-kaɗan har ya ragu ya yi duhu. Daga nan yis ya ci wani ɓangare na zaƙin ya mayar da shi barasa, wasu ƙwayoyin halitta kuma su juya barasar ta koma tsami.

Wurin gangunan ne abin ya fi burge ni. Jere ake yi musu, galibi biyar ko fiye, daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin itacenta: wata ok, wata ceri, wata junifa, kuma kowane itace da ƙamshin da yake bari. Can saman gida ake ajiye su, ƙarƙashin rufi, inda zafin bazara ke dukansu sosai, sanyin hunturu kuma ya kwantar da ruwan ya tace. Ba a toshe bakin ganga, ƙyalle kawai ake ɗorawa don iska ta shiga, ruwa ya riƙa tashi. Sau ɗaya a shekara mai gida zai ɗebi ɗan kaɗan daga ƙaramar, ya cike gurbin daga ta kusa da ita, ita ma a cike ta daga ta gabanta, har a kai ga babbar da ke karɓar sabon dahuwa. Don haka cikin cokali guda akwai inabin shekaru masu yawa.

Shin ko kun san a al'adar yankin akan kafa sabon jeri idan an haifi 'ya mace, ta tafi da shi gidan miji?

Ɗanɗanonsa ma da ƙa'ida. Kwamitin masana na ɗaga gilashin gaban kyandir su duba launi da kauri, domin na kirki a hankali yake zuba kamar zuma. Sai shaƙa, sannan a lasa da cokalin tangaran, saboda ƙarfe na ɓata ɗanɗano. Abin nema shi ne zaƙi da tsami su zo tare, kada ɗaya ya danne ɗaya. In bai tsallake wannan kwamiti ba, ba zai shiga kwalba ba. Ɗigo uku ko huɗu a kan cukun Parmigiano sun wadatar, kuma asara ce a zuba shi a tukunya kan wuta.

Kwalbar kanta mililita 100 ce, kuma Giorgetto Giugiaro, wanda ya zana motar Volkswagen Golf ta farko, shi ya tsara ta.

Galibin na manyan kantuna dai wani abu ne daban: kwana 60 a ganga ya ishe shi, ana haɗa shi da khal na yau da kullum, har akan ƙara ƙonannen sukari don launi. Yana da daɗi a salak, amma kada a sayar muku da shi a farashin na asali. Ku duba jikin kwalba, ku nemi Tradizionale da tambarin DOP, alamar kariyar Tarayyar Turai, kafin ku biya.