Hanyar Zama Malamin Tarihi a Kamaru: Daga Konkur Zuwa Gaban Allo

A Birikitiri, unguwar Hausawan Yawunde inda aka yanke mini cibiya, idan yaro ya ci bakaloriya burin iyaye bai wuce ya zama likita, ko lauya, ko ya shiga kwastan ba. Da wuya ka ji uban da ya ce ɗansa zai zama malamin tarihi. Ni kuwa sana'ata ke nan, daga gidana da ke Etudi nake fita kullum zuwa aji, kuma ina cikin masu karɓar ɗaliban koyon malanta idan lokacin gwajinsu ya zo. Don haka nake so in shimfiɗa wa iyaye da matasa yadda hanyar take.

Ƙofar shiga ita ce babbar makarantar horar da malaman sakandare, wadda kowa ya sani da ENS. An kafa ta Yawunde a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. Akwai ta Marwa da aka buɗe a 2008, akwai ta Bambili a ɓangaren masu Ingilishi, akwai kuma ta Bertuwa. Ba a shiga sai da konkur, wato jarrabawar neman gurbi. Mai bakaloriya yakan yi shekara 3 ya fito da takardar DIPES ta ɗaya. Wanda ya riga ya yi lisans a jami'a yakan yi shekara 2, ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban malamai, ya fito da DIPES ta biyu. Kowannensu sai ya je wata lise ya tsaya gaban yara, tsohon malami na zaune a bayan aji yana dubawa, kafin a sallame shi.

A da, cin konkur tamkar samun aikin gwamnati ne. A 2022, shekarar da malamai suka yi dogon yajin aikin nan na OTS kan albashi da haƙƙoƙinsu da aka riƙe, gwamnati ta sanar da raba horarwa da ɗaukar aiki. Ke nan wanda zai shigo saboda lambar albashi kawai ya sake tunani. Wanda ya iya aikin kuwa, makarantun kuɗi da na addini ma suna nemansa.

Abu na farko da mai niyya zai sani shi ne, a makarantunmu malamin tarihi kaya uku yake ɗauka. Shi zai koyar da tarihi, shi zai koyar da labarin ƙasa, shi ne kuma mai darasin zama ɗan ƙasa da tarbiyya, wato ECM. Na ga masu lisans a tarihi da suka haddace sarakunan Borno amma aka ce su zana kogin Sanaga da na Binuwai a allo gumi ya karyo musu. Tun kana jami'a ka riƙa leƙa darussan taswira da yanayi, ka kuma karanta kundin tsarin mulkin ƙasa da kanka.

Na biyu, kuma shi ne jigon aikin, ka koyi auna magana: wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake karewa? Tarihin ƙasarmu ya isa misali. Sojojin Faransa sun kashe Ruben Um Nyobe, jagoran jam'iyyar UPC, ranar 13 ga Satumba 1958. An ba Felix Moumie guba a Janeba a 1960, aka harbe Ernest Ouandie a Bafusam a Janairun 1971. An yi shekaru ambaton sunayensu a aji abin tsoro ne, sai a 1991 doka ta wanke wasu daga cikinsu. A 2025 kwamitin masana na Kamaru da Faransa ya miƙa rahotonsa, shugaban Faransa kuma ya amsa cewa ƙasarsa ta yi yaƙi a Kamaru a wancan zamani. Malamin da ke karanta wa yara littafin rubutun da ya gada daga malaminsa, ba tare da ya bibiyi waɗannan ba, yana cutar su ko bai sani ba. Ka nemi littafin tarihin Kamaru na Engelbert Mveng na 1963, ka nemi ayyukan Eldridge Mohammadou, wanda ya bi lamidodin arewa yana tattara labarai daga bakin tsofaffi, ka gwama su da takardun Turawa ka ga inda suka saɓa.

Na uku shi ne iya isar da abin ga yaro. Wata ɗaliba da aka turo mini gwaji ta shirya darasi kan ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961. Takardar shirinta tsaf, ranaku duk daidai. Tana cikin yi musu shifta, ajin cike har bakin ƙofa, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ta dalilin da ya sa kakansa na Mubi ɗan Nijeriya ne, su kuma 'yan Kamaru. Ta dube ni, na yi mata alama da kai ta ci gaba. Sai ta ajiye takardar ta ɗauki alli. Ta zana Kamarun Jamus, ta ja layin da Ingila da Faransa suka raba ta bayan yaƙin duniya na ɗaya, ta nuna yankin kudu da ya zaɓi haɗewa da mu ranar 1 ga Oktoba 1961, da na arewa, inda Mubi take, da ya zaɓi Nijeriya. Hannaye suka tashi ko'ina, wannan yana da inna a Yola, wancan kawunsa na Banki. Da muka fito ta ce, "Malam, ban gama abin da na shirya ba." Na ce mata, "'Yata, gobe ma rana ce. Yau kin koyar da tarihi."

A wannan sana'a 'ya'yanmu na da wata dama da ba su san da ita ba. Yaron da ya yi makarantar allo yana karanta Larabci da ajami, yana jin Hausa, sau da yawa har da Fulatanci. Wasiƙun lamidodi da rubuce-rubucen malamai tun zamanin Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da waɗannan haruffa aka rubuta su, kuma akasarin abokan karatunsa ba za su iya karanta ko layi ɗaya ba. Idan ya haɗa wannan da Faransanci da Ingilishi masu kyau, ya wuce sa'o'insa.

Yawunde kanta aji ce. Jamusawa ne suka kafa sansaninsu a nan a ƙarshen ƙarni na 19. A nan Sarkin Bamun Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu, ya rasu a 1933 bayan Faransawa sun raba shi da Fumban. Tsohuwar fadar Ahmadu Ahijo ta zama gidan tarihi na ƙasa, sabuwar kuma ga ta nan kusa da mu a Etudi. Amma labarin fataken Hausawa da suka biyo ta Tibati da Yoko da hajojinsu har suka kafa unguwa a wannan birni, ɗan kaɗan ne ya shiga littafin makaranta. Na taɓa raka ɗalibaina shagon wani tsohon tela a Birikitiri. Na ce, "Baba, yara ne suka zo jin yadda aka zo garin nan." Ya tsayar da keken, ya cire tabarau, ya fara lissafo zango-zangon da mahaifinsa ya yada, da sunan kowane madugu. Yaran da ke hamma a aji suka cika shafuka.

Aikin yana da nauyi, domin a aji guda za ka tarar da ɗan Ewondo, da Bamileke, da Bafulatani, da yaron da rikicin yankunan Ingilishi ya koro iyayensa tun bayan 2016. Kowannensu yana sauraron yadda za ka ambaci mutanensa. Idan ka karkata za su gane, kuma ba za su sake yarda da kai ba. Saboda haka matashin da ke shirin konkur ya fara horar da kansa tun yanzu: ya karanta marubutan da ba sa jituwa da juna, ya saba zana taswira da hannu, ya koya wa ƙannensa darasi da yamma ya ga ko sun gane, ya kuma ɗauki wayarsa ya je ya naɗi maganar dattawan unguwarsu tun suna raye. Wanda ya yi haka, ranar da aka miƙa masa alli zai sami abin faɗa wa yara, kuma zai faɗe shi da adalci.