Daga Dutsen Mesa Zuwa Fensir Mai Launi: Zane Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

A yawancin makarantunmu, da zarar ɗalibi ya bar firamare sai ya yi sallama da fensir mai launi. Idan aka ga ɗan babbar sakandare yana cike zane da launi, abin da zai fara ji shi ne, "Kai har yanzu ba ka girma ba?" Wannan gorin ya raba matasa da yawa da baiwar da Allah ya ba su.

A wasu ƙasashe kuwa manya ne ke rububin abin. A shekarar 2013 wata mai zane 'yar Sikotilan, Johanna Basford, ta fitar da littafi mai suna Secret Garden, wanda ke ɗauke da zanen furanni da ganyaye da baƙin layi kawai, mai saye shi zai zuba launi. An sayar da miliyoyin kwafi. Zuwa 2016 sai da kamfanin Faber-Castell na Jamus, wanda aka kafa tun 1761, ya ƙara lokutan aiki domin buƙatar fensir mai launi ta yi yawa. Masu yi suna cewa yana kwantar musu da hankali, yana kuma raba hannunsu da waya na ɗan lokaci.

Mu a kudancin Jigawa ba baƙi ba ne a wannan fage. A Birnin Kudu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse da launin ja da baƙi da fari. Akasarin shanun ba su da tozo, saɓanin waɗanda muka saba gani yau a kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram. A shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kan waɗannan zane-zane da kuma duwatsun wurin masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Yanzu Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da wurin. Kowa ya san aikin hawa dutse, a haɗa launi, a fitar da ƙahon saniya daidai, ba na ƙananan yara ba ne.

Haka kuma mai zayyanar allo, da mai ɗinkin hula, da mai zanen lalle, da magini mai fitar da dagi a fuskar soro, duk manya ne, kuma da wannan suke ci. Saboda haka wanda bai samu littafin Turawa ba bai rasa komai ba. A zana dagin Arewa ko aska takwas ta babbar riga da baƙin biro, a kai shagon fotokwafi a buga kwafi goma, 'yan aji sun samu abin yi.

To, me ya kamata a saya? Kuɗin ɗalibi ba su da yawa, don haka ga shawararmu.

Na farko, fensir mai launi. Kwali mai guda 12 ya isa mai farawa. Da shuɗi da ruwan ɗorawa ake samun kore, ja da ruwan ɗorawa su ba da ruwan lemo. Kafin a biya, a roƙi mai shago a gwada guda ɗaya a takarda. Mai kyau yana fitar da launi ba sai an danna da ƙarfi ba. A duba gindinsa: idan bakin launin bai zauna a tsakiyar itacen ba, zai riƙa karyewa wajen fiƙewa har ya ƙare. Araha ba ta ado, gara 12 masu kyau da 36 marasa ƙwari.

Na biyu, kirayon. Da kakin zuma ko makamancinsa ake yin sa, ya dace da fili mai faɗi, amma ba ya shiga ƙananan lunguna. A zafin watan Afrilu yana laushi, kada a bar shi a rana ko kusa da taga.

Na uku, maka. Launinta ya fi haske, sai dai tana ratsa takarda mara kauri ta ɓata shafin baya. Takardar fotokwafi da muka saba da ita mai nauyin giram 80 ce; mai son maka ya nemi farin kwali, ko ya shimfiɗa wata takarda a ƙasa. Lokacin hunturu a rufe bakinta da zarar an gama, in ba haka ba ta bushe.

Wajen aiki, a fara da launi mai haske sannan a bi da mai duhu, domin duhu ba ya goguwa. A riƙa shafawa a hankali, hawa-hawa, hannu na bin gefe guda.

Akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Zanen duwatsun Birnin Kudu ba shi da kwafi na biyu. Wanda ya rubuta sunansa a kai da gawayi ko alli, ko ya watsa ruwa don hoto ya fito, ya ɓata abin da babu mai iya mayarwa. Muna kira ga malaman zane na makarantun Birnin Kudu da Gwaram su nemi izinin masu kula da wurin, su kai ɗalibai da takarda da fensir, kowa ya zauna daga nesa ya kwafi saniya ɗaya, ya zuba mata launi idan an koma aji. Ɗalibin da ya ɓata awa guda yana bin layin ƙaho da ido ba zai yarda wani ya yi wa dutsen ɓarna a gabansa ba.